BABI NA UKU: TARIHIN ZANEN TASWIRAR TAFKIN CADI DA TSIBIRANSA, 1823 - 2003

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba tarihin yadda aka zana taswirar Tafkin Cadi da tsibiransa da kogunan da ke zuba a cikinsa. Za a bi tarihin ne daki-daki tun daga shekarar 1823, lokacin da Turawa suka fara isa bakin tafkin, har zuwa 2003, lokacin da Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da talatin na yankin. Manufar babin ita ce a nuna cewa kowace taswira ta kama tafkin ne a yanayin da mai zanen ya tarar da shi, alhali ruwan ba ya zama wuri ɗaya, kuma wannan ne ya yanke makomar dubban masunta da manoma, waɗanda da yawansu Hausawa ne.

Mai zama a Samaru ko Sabon Garin Zariya zai iya ɗauka cewa tafkin ya yi masa nisa, domin ruwan Kubanni yana bi ne ta Galma da Kogin Kaduna da Kwara ya faɗa teku ta kudu. To amma da zarar an ƙetare tudun da ke tsakanin ƙasar Zazzau da ta Kano, ruwa sai ya juya gabas. Kogin Kano da Chalawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Cadi. Haka kuma bandar kifin da aka daɗe ana kawowa daga Baga zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, har da ta Sabon Gari, daga waɗannan tsibirai take fitowa.

3.1 Yanayin Tafkin da Wuyar Auna Shi

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a fahimci abin da ya sa wannan tafki ya gagari masu aikin safiyo. Tafkin yana kwance ne a wani shimfiɗaɗɗen kwari mai tsayin kimanin mita 280 daga doron teku, kuma ba shi da mafita zuwa teku. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logon yake zuwa. Zurfinsa a mafi yawan wurare bai wuce 'yan mitoci ba. Saboda haka idan ruwa ya ragu da mita ɗaya kacal, gaɓar tafkin takan janye da kilomitoci masu yawa, idan kuma ya ƙaru ya koma ya shanye su.

Su ma tsibiran iri-iri ne. Waɗanda ke gabas da arewa maso gabas kawunan tudun rairayi ne da ruwa ya kewaye. Idan ruwa ya yi yawa wasu su nutse, idan ya ragu sababbi su fito, wasu kuma su haɗe da gaɓa su daina zama tsibirai. Akwai kuma wasu da mutanen yankin ke kira kirta, waɗanda curin ciyayin ruwa ne da iska ke turawa daga wannan wuri zuwa wancan. Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, da kuma Kuri, su ne tsofaffin mazauna tsibiran, kuma sun san hanyoyin ruwan ne ta gado da yawan bi, suna gyara saninsu kowace shekara gwargwadon yadda ruwa ya zo.

3.2 Taswirorin Farko

Masana labarin ƙasa na Larabawa sun san da tafkin tun kafin zuwan Turawa. Taswirar da Al-Idrisi ya kammala a 1154 ta nuna wani kogi da ake ɗauka reshen Nilu ne yana ratsa ƙasar Sudan. A ƙarni na 13 kuwa Ibn Sa'id ya ambaci tafkin da sunan Kuri. Dukkansu sun dogara ne a kan labarin fatake da matafiya.

A watan Fabrairu na 1823 ne Oudney da Denham da Clapperton, waɗanda suka taso daga Tarabulus, suka iso bakin tafkin, sannan suka sauka a Kukawa wajen Shehu Laminu. Babban abin da ya kawo su shi ne gano inda Kogin Kwara yake ƙarewa, domin a Turai wasu na zaton a Cadi yake zuba. Denham ya bi gaɓar yamma da ta kudu, ya shiga Kogin Shari, amma rashin tsaro ya hana shi kewaye tafkin. Bai sauka a tsibiran Buduma ba. Abin da ya sa a taswirarsa game da su ji ya yi daga mutanen Barno, waɗanda a wancan zamani suke tsoron harin da Buduma kan kawo musu ta ruwa.

Shi kuwa Clapperton ya wuce Kano, ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824. A can ne aka ba shi taswirar da aka fi sani da taswirar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wadda aka buga a littafin tafiyar a 1826. Taswirar ta nuna Kwara yana gangarawa gabas zuwa Nilu na Masar. Wasu masana suna ganin tsohon ra'ayin littattafan Larabci aka bi, wasu kuma suna ganin da gangan aka karkatar da kogin domin kada baƙi su gane hanyar shigowa ƙasar ta ruwa, tun da shi Clapperton ya rubuta cewa a baki Sarkin Musulmi ya nuna masa kogin yana kaiwa teku. Ko ma wanne ne, wannan ya nuna cewa tun a lokacin shugabannin ƙasar Hausa sun san darajar sanin hanyoyin ruwa. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, su ne suka warware maganar a 1830 da suka bi kogin har teku.

3.3 Shiga Cikin Tsibiran

Bature na farko da ya shiga cikin tafkin shi ne Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa. Sun ƙetaro Sahara da jirgin ruwa da aka rarraba gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma. A tsakanin Yuni da Agusta na 1851 Overweg ya zagaya tsibiran Buduma a cikin wannan jirgi, ya ga cewa tafkin ba shi da zurfi, kuma gabashinsa cike yake da tsibirai. Ya rasu a Maduwari kusa da tafkin a watan Satumba na 1852 kafin ya tsara rubuce-rubucensa. Daga 'yan takardun da ya bari ne August Petermann ya haɗa taswirar da aka buga a 1854.

A farkon 1854 Eduard Vogel ya iso Kukawa. Shi masanin taurari ne, saboda haka ya auna matsayin garin da tsayin tafkin daga teku fiye da yadda na gabansa suka yi. A 1855 ya bi ta Bauchi ya zo Zariya, yana auna matsayin garuruwa, kafin a kashe shi a Wadai a 1856. Shi ma Barth ya lura da cewa gaɓar tafkin ba ta da tabbas, domin kafin ya bar Barno a 1855 ruwa ya cinye wani ɓangare na garin Ngornu da ya sani a kan tudu. Gustav Nachtigal, wanda ya iso Kukawa a 1870, ya tarar da tafkin a cike. Ke nan taswirorin ƙarni na 19 sun nuna babban tafki ne guda ɗaya mai faɗi.

3.4 Rabon Ƙasa da Aikin Safiyon Iyaka

A kan waɗannan taswirori ne Ingila da Faransa da Jamus suka raba yankin. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 5 ga Agusta 1890 ta ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Cadi. Ta Ingila da Jamus ta 15 ga Nuwamba 1893 kuwa ta ja nata daga kusa da Yola zuwa kudancin tafkin. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, da kansa ya amsa a wani jawabi a 1890 cewa suna ba juna duwatsu da koguna da tafkuna ba tare da sun san ainihin inda suke ba.

Bayan kafa mulkin mallaka sai aka turo masu safiyo domin a sauko da layukan daga takarda zuwa ƙasa. A 1903 zuwa 1904 Elliot na Ingila da Moll na Faransa sun auna iyakar arewa, Jackson kuma da takwarorinsa Jamusawa suka auna ta Yola zuwa Cadi. Bayan yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906, O'Shee da Jean Tilho sun kafa turakan iyaka 148 daga Kwara zuwa bakin tafkin a tsakanin 1906 da 1908. Wannan ce iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta kuma raba Daura da Damagaram. A tawagar Tilho akwai tafinta mai suna Landeroin, wanda tare da Tilho suka buga littafin nahawu da tatsuniyoyin Hausa a 1909.

A ƙasa ana iya kafa turke, amma a cikin tafki ba hali. Daɗin daɗawa, masu safiyon sun tarar da wani tafki dabam da wanda suka gani a littattafai. Tawagar Boyd Alexander, wadda ta yi aiki daga 1904 zuwa 1907, ta zo da jiragen ƙarfe biyu da mai safiyo P. A. Talbot. Ta shafe watanni tana sarar ciyawa da jan jirage a cikin laka, daga bisani ta tabbatar da cewa tafkin ya rabu gida biyu, na arewa da na kudu, da wani shinge na ciyayi da tudu a tsakani. A 1908 kuwa Tilho ya tarar da babban ɓangare na arewacin tafkin ya bushe. Wannan ne ya sa daga baya, a 1928, ya kasa yanayin tafkin gida uku, wato Babban Cadi da Matsakaicin Cadi da Ƙaramin Cadi. Masana suna amfani da wannan rabe-rabe har yanzu.

Akwai kuma matsalar kayan aiki. Safiyo na sosai yana bukatar tuddai da za a hango juna daga nesa, tafkin kuwa ba shi da su, ga ciyawa da ta fi mutum tsawo. Saboda haka sai aka dogara a kan taurari. Latitud, wato nisan wuri daga tsakiyar duniya zuwa arewa, yana da sauƙin samu ta wannan hanya. Longitud kuwa, wato nisansa zuwa gabas ko yamma, sai da agogo mai daidaito ƙwarai. Kuskuren daƙiƙa 4 na agogo yakan jawo kuskuren minti ɗaya na longitud, wanda a yankin Cadi ya kai kusan kilomita 1.8. Agogon da ya sha zafi da jijjigar doguwar tafiya ba a rasa shi da irin wannan kuskure.

3.5 Taswirar Moisel da Layin 1919

Bajamushe Max Moisel ya tattara awon da sojoji da jami'an Jamus suka yi, ya fitar da taswirar Kamaru mai ma'aunin 1:300,000 kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A wannan ma'auni, santimita ɗaya a takarda daidai yake da kilomita 3 a ƙasa, kuma layin da kaurinsa milimita ɗaya ne ya rufe mita 300. Da Jamus ta sha kashi aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, kuma yarjejeniyar Milner da Simon ta 10 ga Yuli 1919 ta dogara a kan wannan taswira. Ta ce iyaka za ta fara ne daga wani wuri a cikin tafkin a latitud digiri 13 da minti 5 arewa, da kimanin longitud digiri 14 da minti 5 gabas, daga nan ta miƙe sak zuwa bakin Kogin Ebeji. Tsawon wannan layi kimanin kilomita 60 ne.

Gwamnan Nijeriya Graeme Thomson da Kwamishinan Faransa a Kamaru, Marchand, sun maimaita wannan bayani a 1929 zuwa 1930, aka kuma tabbatar da shi ta musayar takardu tsakanin Henderson da Fleuriau a ranar 9 ga Janairu 1931. Abubuwa biyu ne suka kamata a lura da su a nan. Na farko, kalmar kimanin da aka sa a gaban longitud ta samo asali ne daga raunin awon da aka bayyana a sama. Na biyu, an ɗaure ƙarshen layin a bakin kogi, bakin kogi kuwa yana nan ne inda ruwan tafki ya tsaya, wanda ke canzawa shekara-shekara. A lokacin babu wanda ya damu, domin layin yana bi ne ta kan ruwa da fadama inda babu gari.

3.6 Hoton Sama da Janyewar Ruwa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aikin taswira ya koma ga hoton da ake ɗauka daga jirgin sama. Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulki a 1946, Faransa kuma ta yi amfani da hukumarta ta IGN wajen fitar da taswirori masu ma'aunin 1:200,000. Wannan ne karo na farko da aka ga tsibiran dalla-dalla, gani kuwa ya kori ji. Sai dai an ɗauki hotunan ne a shekarun 1950 da 1960, lokacin da tafkin ya sake cika, har faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963. Wannan siffa ce ta shiga littattafan makaranta, ta kuma daɗe a cikinsu bayan tafkin ya bar ta. A wannan yanayi ne Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa Hukumar Kula da Tafkin Cadi a ranar 22 ga Mayu 1964.

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya sake raba tafkin biyu a 1973, ɓangaren arewa kuma ya bushe a 1975. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 sararin ruwan ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, wanda aka fara harbawa a 1972, sun nuna wannan janyewa shekara-shekara. Masunta da manoma suka riƙa bin ruwan gabas. Inda ruwa ya janye a shuka masara da wake, inda sabon tsibiri ya fito a kafa sansanin su, sansani kuma ya zama gari. Babu turke, babu alama, saboda haka da yawansu sun ƙetare layin 1919 ba tare da sun ga komai ba.

Sunayen garuruwan da kansu sun isa shaida a kan waɗanda suka kafa su. A cikin jerin da Nijeriya ta gabatar daga baya akwai Garin Wanzam da Ramin Dorina da Doron Liman da Doron Malam da Sabon Tumbu da Naira, tare da babban cikinsu, wato Darak. A bakin mutanen tafkin, doro shi ne matsayar jiragen ruwa, tumbu kuwa tsibiri. Waɗannan sunaye ba su cikin taswirar Moisel, domin lokacin da aka zana ta garuruwan ba su wanzu ba.

3.7 Taswira a Gaban Kotu

Fitowar sababbin tsibirai ta jawo arangama tsakanin sojojin Nijeriya da na Cadi a 1983. Bayan haka ne Hukumar Tafkin Cadi ta ba wani kamfani na IGN aikin shata iyakokin cikin tafkin, wanda aka gudanar daga 1988 zuwa 1990, amma Nijeriya ba ta tabbatar da sakamakon ba. A ranar 29 ga Maris 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a kan tsibirin Bakasi da ke gaɓar teku, a watan Yuni na shekarar kuma ta ƙara da batun Tafkin Cadi.

Nijeriya ta kafa hujja da cewa ba a taɓa kammala shata iyakar cikin tafkin ba, tana nuni da kalmar kimanin da kuma rashin tabbas na bakin Ebeji. Ta ce ƙauyuka 33 na yankin 'yan Nijeriya ne suka kafa su, galibi Barebari da Hausawa, kuma Ƙaramar Hukumar Ngala ta Jihar Barno ce ke karɓar haraji da gudanar da makarantu da asibitoci a cikinsu. Kamaru kuwa ta tsaya a kan takardun 1919 da 1931.

A hukuncinta na 10 ga Oktoba 2002, kotun ta koma ga taswirar Moisel da wadda aka liƙa wa takardun 1931. Daga gare su ta tsayar da mafarin layin a latitud digiri 13 da minti 5 arewa da longitud da ya yi daidai da digiri 14 da minti 5 gabas, in ban da ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba. Game da Ebeji, kotun ta amince cewa kogin ya daina shiga tafkin ta baki ɗaya, saboda haka ta nemi inda bakin yake a zamanin da aka rubuta yarjejeniyar, ta tsayar da shi a digiri 12 da minti 32 da daƙiƙa 17 arewa, da digiri 14 da minti 12 da daƙiƙa 12 gabas. Ta kuma yanke cewa zama a wuri da gudanar da mulki a cikinsa ba sa rushe mallakar da yarjejeniya ta riga ta tabbatar. Alƙalai 14 ne suka goyi bayan wannan, biyu suka saɓa, wato Koroma da Bola Ajibola. Kotun ta kuma rubuta alkawarin da Kamaru ta yi na kare 'yan Nijeriya mazauna yankin.

A watan Disamba na 2003, a ƙarƙashin kwamitin haɗin gwiwa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranta, Nijeriya ta janye jami'anta daga Darak da sauran ƙauyukan. Mazauna suka shiga zaɓi tsakanin zama baƙi a garuruwan da suka kafa da hannunsu, ko barin wuraren su da gonakinsu su koma yamma da layin. Bakasi ma, wanda aka yanke hukuncinsa bisa yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 11 ga Maris 1913, an kammala miƙa shi a ranar 14 ga Agusta 2008.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa taswirar Tafkin Cadi ta bi matakai huɗu, wato matakin ji daga bakin fatake, da na matafiya irin su Denham da Overweg, da na masu safiyon iyaka, da kuma na hoton sama. Matafiyan ƙarni na 19 sun zana babban tafki, su Tilho sun zana ƙarami, hoton shekarun 1950 ya maido da babba, tauraron ɗan'adam kuma ya sake nuna ƙarami. Kowannensu ya faɗi gaskiyar shekarar da ya yi awo. A cikinsu duka, taswirar da aka zana kafin 1914 ce doka ta riƙe, ita ce kuma ta yi hukunci a kan garuruwan da aka kafa shekaru sittin bayanta. An kuma ga cewa sanin da Buduma da masunta Hausawa suke da shi na hanyoyin ruwa, da sunayen da suka raɗa wa tsibiran, ba su sami gurbi a cikin takardun da aka yi shari'a da su ba, sai dai a matsayin jerin wuraren da ake jayayya a kansu. A babi na gaba za a nazarci waɗannan sunaye ta fuskar ma'ana da ƙirar kalma, domin a ga abin da suke bayyanawa game da asalin waɗanda suka kafa garuruwan da sana'o'insu.